Muryar da Aka Sa wa Inna Tambaya

Shekara talatin Inna Tambaya tana yin daddawa a gindin dutsen Kwatarkwashi, ba wanda ya taɓa ƙyamar hannunta sai da fim ya fito.

Bara da kaka ne 'yan fim suka zo daga Kano, wai duwatsun garin suke so. Salisu, ɗan garin da ke da shagon tura finafinai a waya a Gusau, shi ya yi musu jagora. Suka tarar da ita tana juya kalwa a tukunya, hayaƙi na tashi, suka roƙe ta ta ci gaba da aikinta tana magana. Ta yi musu bayanin yadda ake dafa kalwa, a surfa, a wanke, a rufe ta kwana uku. Suka yi godiya suka tafi.

Da fim ya fito, maƙwabciyarta Hanatu ta nuna mata a waya. Ga ta, ga tukunyarta, ga bakinta yana motsi, amma muryar wata Bakanuwa ce ke fita, tana cewa duk wanda ya ci wannan haɗin sai ya haukace. Bokanya suka mai da ita. Kasuwa biyu a jere ta koma gida da ƙwaryarta cike. Mata sai su gaishe ta daga nesa su wuce.

Ta ɗaure daddawa a leda, ta shiga motar Gusau.

Salisu ya ba ta kujera, ta ƙi zama. Ta ce ya kai ta ofishin da ake cire wa mutane baki a sa musu na wasu. Ya sosa ƙeya ya ce babu wannan ofis a Gusau, balle Tsafe ko Bungudu. Iska ce ta ɓata sautin ranar da aka ɗauke ta, shi ya sa aka sa wata muryar. Masu haɗa hoto suna Kano, masu sa murya suna Kano, alhajin da ya zuba kuɗin ma can yake, shi ya ga tsohuwa da tukunya da hayaƙi ya ce ta dace da bokanya. Shi Salisu kansa ya taɓa gwada shirya fim, sai da ya ɗauko hayar kyamara daga can har da mai riƙe ta.

“Mu nan duwatsu kaɗai gare mu, Inna.”

Ta sa ya kira daraktan. Mutumin ya yi dariya, ya ce ai wasan kwaikwayo ne, kuma abin da ya riga ya bazu ba ya dawowa.

“In wasa na, shi taho shi sayi daddawata,” in ji ta. Amma ya riga ya kashe waya.

Ta tsaya tana kallon mutane suna miƙa wa Salisu wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Can ta ce ya ɗauke ta hoto da tasa wayar. Ya ce ba fitila, ba gwani, hoton ba zai yi kyau ba.

“Baki na kawo, ba kwalliya ba.”

Ta zauna a benci, ta faɗi sunanta da na ubanta da unguwarsu, ta faɗi abin da ke cikin tukunyar. Ta ɓallo daddawa ɗanya ta tauna, ta tura wa Salisu guda. Ya ci yana yamutsa fuska, wayar tana ɗauka.

Har la'asar tana nan kusa da kwamfutarsa, duk wanda aka tura wa fim ɗin sai ta ga an haɗa masa da nata. Salisu ya ce zai ba 'yan'uwansa masu shago a Tsafe da Bungudu, amma kada ta sa rai ya kai Kano.

“Mutanen Kano ba su cin miyar Kwatarkwashi,” ta ce.

Wata mata da ke jiran wayarta ta matso, ta tambaya ko sauran da ke ledar na sayarwa ne.