Kayan Aro a Ɗakin Gwaji

"Sai ruwan ya rikiɗe ya koma jaja-jaja," in ji Khalida, idonta a rufe, tana maimaitawa kamar mai hadda.

Malam Abatcha ya ajiye butar alwala ya dubi 'yarsa. "Wane irin ja? Na zoɓo ko na ɓawon albasa?"

"Ban sani ba, Baba. A allo aka zana mana."

Shekararta ta farko ke nan a kwalejin da shi ma ya yi, tana ɗaukar kemistiri da lissafi da ilimin halittu. A zamanin su Abatcha, tun daga baranda warin sinadari yake tarar mutum. Ya tuna harshen wutar gas shuɗi shar, da Malam Kaumi mai dukan bayan hannun duk wanda ya yi gaggawar buɗe famfon bututu. Ya tuna ranar da ya fara leƙa fatar albasa a madubin ƙara girma, ya ga ɗakuna jere kamar ginin bulo, har ya manta da abincin rana. Abin da ya mayar da shi malamin kimiyya ke nan har ya yi ritaya.

* * *

Ranar Talata Yunusa ya yi sallama a ƙofar gida. Tare suka yi aji, yanzu shi ne shugaban sashen kimiyya a kwalejin.

"Mutumina, taimako na zo nema. Jibi masu tantance kwasa-kwasai za su zo. Mun aro kaya daga wata makaranta, amma yaran ko riƙe kwalba ba su iya ba. Ka zo gobe ka nuna musu."

"Wato in koya musu yadda za su yi kamar sun iya."

Yunusa ya share gumi da hularsa. "In aka soke kwas ɗin, ina za su? Har da taka 'yar."

Abatcha ya so ya ƙi. Amma ya hango Khalida ta labule, ta kasa kunne, sai ya ce Allah ya kai mu.

* * *

An yi wa ɗakin gwajin sabon fenti, bai ma gama bushewa ba. Teburan nan dai su ne, har da ƙunar da ajinsu ya bari a na kusa da taga. Ya shafa ta da yatsa kafin ya juyo ga ɗaliban.

Bai koya musu wasan kwaikwayo ba. Darasi ya yi musu sosai, kamar za su dawo gobe da jibi. Ya kama hannun Khalida ya ɗora a kan famfon. "A hankali. Ɗigo ɗaya, ki girgiza. Kada ki ɗauke ido."

Ɗigo ya faɗa, launi ya ɓullo ya ɓace. Wani ɗigon ya faɗa, launin ya tsaya.

"Baba! Ya juya! Wallahi ya juya!"

Ajin ya ruɗe da shewa. Wata yarinya daga Nangere ta ƙi sakin madubi har aka yi kiran la'asar.

Washegari baƙin suka zo da manyan motoci. Ɗaya ya tambayi Khalida ko suna yin gwaji a kai a kai. Ta dubi Yunusa, ta dubi ƙasa, ta ce, "Kowane mako, ranka ya daɗe." Baƙon ya gyaɗa kai, suka wuce ɗakin liyafa. Da ta dawo gida ba ta ci tuwo ba, babanta kuma bai tambaye ta ba.

* * *

Ranar Litinin Abatcha ya koma kwalejin ɗauko tabaraunsa da ya manta. A bakin ƙofa ya ci karo da a-kori-kura ana ɗaure kwalaye da igiya, an cusa madubai tsakanin tsofaffin katifu. Direban ya ce sauri yake, akwai inda ake jiran kayan kafin Laraba, su ma baƙi za su yi.

Abatcha ya leƙa ɗakin gwajin ta taga. Ɗalibai sun cika teburan, ba komai a gabansu sai littattafai. Wani matashin malami yana tsaye a gaban allo, ya zana kwalba da alli, yana ɗiga mata ɗigo ɗaya bayan ɗaya.