Kunun Kanwar Hansai

A Zakka babu wadda ta kai Hansai iya kula da mai jego, ita ma kuma ta san haka, ba ta kuwa ɓoyewa. Duk yarinyar da ta yi wanka a hannunta sai ta koma ɗakin miji kumatu sun cika. Sirrin dai kunu ne, ta zabga masa kanwa har sai ya yi ja, sannan ta biyo da ƙauri mai gishiri da yaji. To, ana cikin shekarun nan da Turawa ke shirin tafiya, sai autarta Zuwairatu ta zo wankan gida daga Runka, da ɗanta na fari. Hansai ta ce wannan karon ma za a ga aiki.

Ba a yi nisa ba jikin Zuwairatu ya ciko. Fuska ta yi suntum, awarwaro ya nutse a hannu. Mata na shigowa suna yaba hannun Hansai, ita kuwa baki har kunne, ta tashi ta ƙara kanwa. Yarinyar ta yi ta cewa bayanta na ciwo ƙasa da haƙarƙari, fitsarinta ya ragu, ya yi duhu, ga kumfa. Uwar ta ce jego ke nan, ta daina raki.

Wata safiya tana matsa mata ƙafa bayan wanka, sai ta ga babban yatsanta ya bar rami a ƙwauri. Ta jira ya cike, ya ƙi. Hansai na da taurin kai, amma ta san jikin mace, ta kuma san ƙiba ba ta yin haka. Tsoro ya kama ta sosai.

Ran kasuwar Safana ta aro jaki ta ɗora mai jegon da ba ta yi arba'in ba, maƙwabta na leƙe ta saman danga. A ranar ne Malam Armaya'u, malamin asibiti na En'e, ke zuwa da kekensa ya ba da magani. Ya karɓi fitsarin a 'yar kwalba, ya ɗora a wuta, sai ga shi ya yi gudaji fari kamar farin ƙwai. Ya ce ciwon ƙoda ne.

Hansai ta ce ita ba ta gane ba, ɗiyarta ba ta taɓa jin rauni a ciki ba. Sai ya tafi rumfar mahauta da kansa, ya dawo da ƙodar akuya, ya tsaga ta biyu. Ya nuna mata ɓawon waje mai duhu, ya ce nan ake tace jini. Ya nuna kwarmin tsakiya inda fitsari ke taruwa, da siririn bututun da ke kai shi mafitsara. Ya ce mutum ma biyu gare shi, dama da hagu, daidai inda yarinyar ke kuka da shi. In ƙoda ta kamu, amfanin jini sai ya riƙa zubewa cikin fitsari, ruwa kuma ya tsaya a jiki, kumburi ke nan. Gishiri da kanwa su ke riƙe ruwan. Hansai ta soya ƙoda ba adadi a rayuwarta, ba ta taɓa tambayar aikinta ba.

"Malam, kana nufin ni na yi mata?"

"Ciwon daga Allah ne, Inna, ba ki sa mata shi ba. Amma kunun nan ƙara mata yake. In ba a daina ba, ni ba ni da abin da zan yi, sai dai Katsina, can ma ban ɗauki alkawari ba."

Ya ba su maganin ruwa a kwalba, ya ce su riƙa dawowa. Hansai ta kama hanyar gida da ɗiyarta. Da isarta ta kwashi kanwar da ke ɗakinta ta watsa wa awaki, tun daga ranar kuma tukunyar Zuwairatu daban take hawa murhu.

An sha fama. Zuwairatu ta yi kuka a kan tuwo da miyar da ba gishiri, uwar ta tsare ta da ido har ta cinye. Tsofaffi suka yi ta aike, wai mai jegon da ba ta sha kanwa ba sanyi zai kama ta, nono ya ƙafe. Wasu suka ce Hansai ta bi maganar yaran Turawa, wasu suka ce rowa ce ta tsufa. Ina ruwanta. Kullum da safe sai ta danna ƙwaurin ta duba, ramin na raguwa, fitsari na ƙaruwa yana washewa. Da ruwan ya sauka sai ga ainihin Zuwairatu, ramammiya, wuya duk ƙashi.

Bayan arba'in Turai, uwar mijin, ta zo ɗaukar surukarta da ayarin mata. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da mutanen gida, sannan Zuwairatu ta fito da goyonta. Turai ta dube ta sama da ƙasa, ta juya wajen uwar.

"Hansai, haka ake maida ɗiyar mutane? Ke da ake ba da labarinki har Ruma?"

Maganar ta soki Hansai, don duk duniya ba ta da abin tinƙaho sai wannan suna. Ta haɗiye, ta yi bayanin ƙoda da tace jini iyakar yadda ta riƙe. Matan suka riƙa kallon juna. Turai ta ce ba komai, ai da sun isa Runka za ta gyara ta, kanwarta na nan tana jira.

"Ki yi mani alkawari gaban Allah kanwa ba ta shiga tukunyatta," in ji Hansai.

Turai ta ce ita ba ta barin matar ɗanta ta lalace saboda wata ƙodar akuya. Riƙe yarinyar kuma ba zai yiwu ba, aure ne, ga miji na jira.

Hansai ta shiga ɗaki. Aka ɗauka kuka ta tafi yi. Sai ga ta ta fito da ƙunshin zannuwanta a ka, tukunyar Zuwairatu a hannu. Kowa ya san mace ba ta kwana gidan surukinta, ko hanya suka haɗa kaucewa take, balle ta tare ta hura wuta a tsakar gidansa. Wata tsohuwa ta riƙe mata zane ta ce ta tuna da kunya, abin da za a faɗa ba zai ƙare ba.

"A faɗa," in ji Hansai. "Ni ka dahwa mata."

Ta wuce gaban ayarin ta kama hanyar Runka, Zuwairatu na biye da ita da ƙafarta.