Gurbin da Farfesa Ya Tanadar Mata

A gidansu 'Yar Ƙasa ake kiranta, saboda ilmin ƙasar noma ta karanta har ta kai ga digirin dakta, kuma tun tana ɗaliba jakarta ba ta rabuwa da ƙullin turɓaya. Ƙannenta kan ce kowa ya je jami'a kankare datti yake yi, ita kuwa kwasowa ta je yi. Da ta gama, sai ta laɓe a wata makarantar sakandare tana koyarwa, tana jiran ranar da sashen da ya yaye ta zai nemi malamai. Ranar ta zo, ta nema, aka kira ta ganawa.

Ta iske masu nema sun cika baranda, kowa ya sha guga yana fifita da takardunsa. Zaman jira ya ja su hira. Wani mai furfura a gemu ya ce shi gidan ma'aikata kawai yake so, ya gaji da kwashe yara daga haya zuwa haya. Wata mai ciki ta ce ita dai asibitin jami'ar take hange. Da suka tambayi 'Yar Ƙasa, ta ce burinta ɗakin gwaji mai famfo da sikeli mai aiki, da ɗaliban da za ta riƙa kaiwa gona. Mai furfurar ya dube ta da tausayi, kamar ta ce za ta ɗebi ruwa da kwando.

A ciki, ɗaya daga cikin 'yan kwamitin yana ɓare lemo yana tofa 'ya'yan a kan takardar wani mai nema, wata kuma ta duƙufa a waya. A tsakiya Farfesa ne, shugaban sashen, wanda ya duba aikinta na dakta. Shi ne mutumin da ya taɓa sa ta sake awo tun daga farko saboda lamba ɗaya da ba ta yi masa ba, kuma har gobe tana ba ɗalibanta labarinsa. Ba su yi mata wata tambayar kirki ba. Farfesa ya yi murmushi, ya ce ta same shi a ofis.

Ofishin ya sha kafet, na'urar sanyi tana hura ƙamshin turare. Ya ce ta kwantar da hankalinta, gurbin nata ne, ai ɗa na kowa ne amma nasa ya fi. Sannan ya rage murya. Akwai wani ɗan kwangila da ya gina wa sashen ƙofa, yana son digirin dakta, sai dai harkoki sun yi masa yawa.

"Wannan binciken naki na gonakin da gishiri ya cinye, ai ba ki buga shi ba ko? Ki ɗan juya shi, a sa sunansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, 'yata."

Ta tuna damina biyu da ta yi tana haƙa rami cikin taɓo, da manoman da suka yarda da ita suka bar ta ta tona gonakinsu. Shi kuwa ya ɗauki shirunta a matsayin kunya, ya miƙe ya ce bari ya zagaya da ita.

Ɗakin gwajin da ta yi ƙuruciyarta a ciki an cika shi da kujerun roba da rumfunan da matar Farfesa take bayarwa haya. Kyankyasai sun yi gida a cikin kwatamin wanke kwalabe. Daga nan ya tura ƙofar ofishin da za ta zauna, sai warin shayin da ya kwana biyu a kofi ya tare su. Mutumin da ke ciki ta san shi: Dogo, wanda yake gaba da su a karatu, wanda malamai suke kafa misali da shi. Ya rame, ya yi tumbi, kundayen digiri sun kewaye shi, kowanne da sunan wani attajiri a bangonsa. Farfesa ya fita amsa waya.

"Yaya Dogo, haka aka koma?"

Bai ɗago ba. "Na farkon ne mai wuya," in ji shi. "Daga nan sai hannu ya saba."

Da Farfesa ya dawo, ta rusuna kamar yadda ta saba, ta ce ta gode, amma binciken nan na masu gonakin ne, ba za ta iya ba. Fuskarsa ba ta canja ba. Ya ce ta je ta yi tunani, girman kai rawanin tsiya ne.

Ba a sake kiranta ba. Mai furfurar aka ɗauka, kuma ba ta ga laifinsa ba, mai iyali ne. Maigidanta ya yi ta mita cewa da ma ta shiga, ai da ta gyara daga ciki. Ta ce masa Dogo ma da niyyar gyara ya shiga. Mahaifiyarta dai cewa ta yi Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Bayan shekara guda, suna cin abincin rana, sai rediyo ya gabatar da wani sabon dakta, masanin ƙasar noma. Ɗan kwangilar ne. Ya yi ta lalube yana karanto abin da aka rubuta masa, yana ba manoma shawarar da za ta ƙara kashe musu gona, mai gabatarwa yana ta "Allah ya ƙara basira, Dakta." Maigidanta ya miƙa hannu ya kashe rediyon da kansa. Ita kuwa ta ture kwanon gefe, ta ce wa yaranta su cinye.