Kukan Bayan Motar Malam Ladan

Da Malam Ladan ya yi ritaya daga aikin gwamnati, sabuwar mota mai buɗaɗɗen baya ya saya, don ya riƙa kwaso amfanin gonarsa daga Miri. Ta yi masa damina lafiya lau. Sai da kaka ta kama, ya fara lodin masara, sannan ya soma jin wani kuka daga baya, siriri, kamar ƙudan zuma a cikin tulu.

Ya gaya wa matarsa Khadijatu. Ta shiga motar suka zaga unguwa, ta kasa kunne, ta ce, "Baban Salma, ni fa ban ji komai ba."

Ya kai wa Rotimi, makanikensa na kusa da barikin Shadawanka. Rotimi ya tuƙa ta babu kaya, ya shiga ƙarƙashi ya fito yana goge hannu. "Baba, motar nan lafiyansa ƙalau. Sabo ne fa."

Daga nan Malam Ladan ya daina maganar. Amma abin ya tsaya masa a rai, domin mahaifinsa ma da ƙara a kunne ya fara kafin jinsa ya tafi. Ya koma yana rage wa rediyo murya don ya gwada kansa. Khadijatu ta lura, sai ta riƙa matsowa kusa idan za ta yi masa magana.

Wata Talata da hantsi yana gona aka kira shi. Mace ce, ta ce sunanta Roda, daga wurin da ya sayi motar. Ta ce masu ƙera motar sun gano aibi a aksul ɗin baya na wasu daga cikinsu, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, a tukunyar tsakiya mai raba wa tayoyi ƙarfi. Idan abin ya ci gaba, tayoyin na iya cijewa ana cikin tafiya. Za a sauya masa kyauta, amma kada ya ƙara ɗora mata kaya.

"'Yata, tsaya," in ji shi. "Tana yin kuka?"

"E, Baba. Musamman idan an yi lodi."

Ya fashe da dariya har Roda ta tambaya ko lafiya. "Lafiya sumul. Allah ya yi miki albarka."

Nan take ya kira Khadijatu. "Kunnena garau yake, motar ce ba ta da lafiya!"

Ta yi ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi. Wallahi na fi ka damuwa. To, ka taho a hankali."

Ya sauke buhunan da ya riga ya ɗora, ya lallaɓa da motar har gareji. Aka ce sai kayan gyara sun iso, ga masara kuma jibge a gona. Maƙwabcin gonarsa Hammawa ya ce wannan ba abin damuwa ba ne. Ya ɗaura wa shanunsa amalanke, suka yi ta jigila zuwa rumbun Hammawa, Malam Ladan na zaune a kan buhuna yana cin gyaɗa, suna hirar da suka daɗe ba su samu sukunin yi ba.

Da aka gama gyara, tare da Khadijatu suka je karɓa. Suka wuce Miri kai tsaye, suka ɗauko masararsu, suka haɗa da waken Hammawa da zai kai kasuwa, shi ma ya hau baya. A hanyar dawowa, inda titi ya yi fili, ta ce, "Baban Salma, ni fa na daɗe ina so ka koya mini tuƙi."

Ya dube ta. "Yau?"

"Me ya hana?"

Ya gangara gefe ya tsaya. Hammawa da ke baya a kan buhuna ya leƙo yana tambayar abin da ya faru. Da ya ga Khadijatu ta zagayo wajen sitiyari, sai ya gyara zama, ya riƙe ƙarfe da hannu biyu, ya ce, "Bismillah, Hajiya. Amma a tuna akwai mutum a baya."