A Kawo Ƙafar Mu Gani

Ƙafar Atiku ta fara wari tun kafin saƙon ya baro Sakkwato. Harsashin 'yan bindiga ne ya same shi a cinya yana janyo komar kifi a bakin gulbin Rima. Malamin asibiti ya ciro shi ya ɗinke wurin, ya ce sauran aikin na allura ne da bandeji, kuma ko na shaida babu a ƙauyensu Kagara. Habi, matarsa mai suyar kifi, ta kira ƙanenta Nasrullahi a birni. Ya sayo komai ya zuba a kwalin taliya, ya rubuta lambar wayarta a jiki, ya ce mata yana motar Bilyaminu. Washegari aka yanke layin waya a yankin baki ɗaya.

To, saƙon mota ba shi da unguwa, ba shi da ƙofar gida. Lamba ce kawai. Direba ya iso tasha ya kira ka, ka zo ka karɓa. Ran da waya ta mutu, kwali ya zama maraya, kowa ya ture shi gefe. Habi ta jira har haƙurinta ya ƙare, ƙudaje sun hana mijinta sakat, zazzaɓi na kaɗa shi. Ta yafa mayafi ta nufi Goronyo a ƙafa.

Ta sami Bilyaminu a tasha, a ƙarƙashin motarsa. Da ya ji abin da ke tafe da ita, sai ya fito yana goge hannu, ya kasa kallon idonta.

"Inna, fasinja sunka ƙare mani a Wurno, sai niy juye sauran cikin motar Mujaheed. Kwalinki ya bi su."

Haka kaya ke ɓacewa a hanyar nan. Ba kullum ɓarawo ba ne. Wannan ya miƙa wa wancan, wancan ya miƙa gaba, kowa ya wanke hannunsa, mai kaya yana gida yana zargin aljanu.

"Ina shi Mujaheed ɗin?"

"'Yan sa-kai sun tsare shi ga shingen bayan gari, saboda kwalin ga. Don Allah, Inna, bar shi. Duk wanda yac ce nashi na, ya shiga uku."

Ta juya ta nufi shingen.

A shingen, abin da ta fara gani bayan mutum ne. An ɗaure Mujaheed da igiyar shanu ya rungumi tsamiya, babu riga, dorina ta tsattsaga masa fata, jini ya bushe wani ya hau kai. Wani na tsaye yana ƙara masa, yana tambayarsa wa ya aiko shi. Muryarsa ta riga ta dushe. A gindin bishiyar kuwa ga kwalin taliya a buɗe, bandeji da kwalaben allura suna leƙowa. Ashe ba ɓacewa ya yi ba. Ajiye shi aka yi, ana jiran mai shi.

Habi ta san irin mutanen nan. Manoman albasa ne da masunta, kowanne ya binne nasa da 'yan daji suka kashe, da hannunsa. Amma baƙin ciki ya rufe musu ido, har maganin ciwo ya zama laifi a wurinsu, tunda 'yan daji ma suna jin rauni, kuma wani ne a gari yake kai musu magani. Tsoro ya cika ta, ta kuwa matsa.

"Ni ad da kwalin ga."

Shugabansu, Mu'azu, wani dogo mai adda a hannu, ya juyo a hankali.

"Mi ac ciki?"

Ta lissafa masa tsaf, don ya gane nata ne. Kuskuren da ta yi ke nan.

"Kun jiya? Ta san kayan jinyar harbi sarai!"

Ya shimfiɗa mata faɗin adda a kunci, ta kife. Kafin ta ɗago, gora ta sauka a kafaɗarta, wata a haƙarƙari. Wani ya take mata yatsu da takalmin taya. Ta tofar da jini da guntun haƙori, ta rarrafa ta rungume kwalin, duka na sauka a bayanta.

"Mijina na!" take ihu. "Atiku masunci, na Kagara! Su sunka harbe shi!"

Mu'azu ya ɗaga hannu aka tsaya. Ya fizge kwalin daga ƙirjinta.

"Kowa haka shika cewa. A kawo ƙahwar mu gani."

"Malam, ba shi iya tashi. Ka haɗa ni da mutum guda shi gano maka."

"Ba mu barin shinge. Ki kawo shi, ki ɗauki kayanki, mu kwance wanga."

Ta ja jiki ta koma Kagara. An hana hawa babur a lokacin, mota kuwa ba ta shiga hanyarsu. Sai amalanken shanu na maƙwabcinsu Alhaji, wanda ya ga fuskarta ya ɗaura shanu bai tambayi komai ba. Da suka zo ɗaga Atiku, ya riƙe hannunta da ƙarfin da ya rage masa.

"Habi, bar ni nan. Hanyar ga ba ta bari na."

"Malam, daure. Da mun isa, maganinka na nan."

Ita ta ɗora shi. Wannan ne abin da ya fi dukan ci mata rai daga baya.

Hanyar fadama duk ramuka ce da sawun shanu da ya bushe. Kowane gargada sai Atiku ya ƙwalla ƙara, har ya daina, ya koma nishi. Ɗinkin ya ɓalle. Habi ta danne cinyar da mayafinta, mayafin ya jiƙe, jini ya riƙa bi ta tsakanin katako yana ɗiga a turɓaya. Alhaji ya rasa abin yi: in ya kora shanu girgiza ta ƙaru, in ya sassauta jini na ta zuba.

Rana ta karkata suka iso. Mu'azu ya zo da kansa, ya sa wuƙa ya farke tsumman da ke ɗaure a cinyar. Warin ya buge su, mazan nan masu layu suka ja da baya suna toshe hanci, ɗaya ya juya ya yi amai. Aka yanke igiyar Mujaheed, ya sulale ƙasa kamar buhun da aka zazzage. Mu'azu ya ɗauko kwalin ya ajiye a kan amalanke.

"Ga kayanki, baiwar Allah. Mu ma aikinmu muka yi."

Yatsunta sun kumbura, sai da haƙori ta yage ledar bandejin. Ta fara naɗawa da sauri, tana ce wa mijinta ga shi ya zo, ga shi nan, ya ƙara haƙuri kaɗan. Farin ƙyallen bai ɓaci ba, domin jinin ya daina fita. Alhaji ya duƙa ya dubi fuskar Atiku, ya yi salati, ya shafe masa ido.

"Habi," in ji shi. "Habi, ya isa."

Ba ta ji shi ba, ko ta ƙi ji. Ƙafar ta yi mata nauyi, hannunta ɗaya ya ƙi ɗaguwa. Ta dubi Mu'azu da idon da bai kumbura ba.

"Kai kac ce a kawo ta. To, riƙe mani."

Mu'azu ya ajiye addar a ƙasa, ya tallafe ƙafar da hannu biyu. Habi ta ci gaba da naɗi har bandejin ya ƙare.