Wayar Bangon Kicin

Mijina mai gyaran wutar lantarki ne. Unguwar nan kaf babu gidan da bai shiga da jakar kayan aikinsa ba, amma a nasa gidan, da na kunna injin wanki da hita tare, sai ka ji ƙas, wuta ta ɗauke. Sai in bar abin da nake yi, in hau kujera, in tura bireka sama, wato ɗan makunnin nan na cikin akwati da ke katse wuta idan kaya sun yi mata yawa. Na yi magana har bakina ya gaji. Kullum amsar ɗaya ce: "Wayar kicin ɗin ce siririya, zan sake ta. Bari in samu sarari."

Ran nan ƙanena, mai gyaran wayar hannu a bakin kasuwa, ya zo gaishe ni, ya same ni a kan kujera ina mita, hannuna duk kumfa.

"Yaya, wannan ai ƙaramin abu ne. Birekar ce ta yi ƙanƙanta."

Ya fita ya dawo da wata mai lamba talatin da biyu, ya cire mai sha shidan, ya sa ta. Wuta ta daina ɗaukewa. Har albarka na sa masa. Maigidan kuwa ban faɗa masa ba, don haushinsa nake ji.

Wata safiya injin na juyawa, hita na kunne, na ƙara da dutsen guga, sai na ji ƙaurin roba. Na dafa bango kusa da soket, na janye hannu ba shiri. Fenti ya kumbura, hayaƙi na tsattsafowa. Na ƙwala ihu. Maigidan yana waje yana ɗaure jaka a babur. Ya shigo a guje, ya kashe wutar gidan gaba ɗaya, ya tsaya yana kallon akwatin.

"Wa ya taɓa min wannan?"

"Ƙanena."

"Ƙanenki! Don ya ji ana cewa waya, shi ke nan ya ɗauka duk ɗaya ce? Ke kin san aikin bireka? Wayar bango take tsaro! Siririyar waya ba ta ɗaukar abin da ya wuce sha shida. Kun sa mata talatin da biyu, ai sai ta dahu bireka na kallo. Ɗakin yara ne fa a bayan bangon nan!"

Nan raina ya ɓaci.

"Yanzu ka san ɗakin yara ne? Sau nawa na yi maka magana? Gidan kowa ka gyara, ni ina hawa kujera kamar akuya. Da ka sake wayar, wa zai kira wani?"

"Sai ki faɗa min an canza!"

"In faɗa wa wa? Wanda ya ce bari ya samu sarari?"

Ya fita. Ya sauke jakar daga babur, ya dawo da guduma ya fara fasa bango, kowane bugu kamar da ni yake. Da ya zaro wayar, robarta ta narke ta manne, jan ƙarfen ya yi baƙi. Ya jefo min ita gaban ƙafa. Ban ɗauka ba.

Yini guda ya yi yana jan waya mai kauri. Injin wanki ya samu layinsa da birekarsa, hita ma haka. Ni na riƙe masa tsani.

Da yamma ƙanena ya leƙo da fara'arsa, ya ga bango a fashe, ya fara ja da baya.

"Dawo nan," in ji maigidan. "Ga siminti, ga cebur. Kwaɓa."

Ya dube ni ko zan sa baki. Na miƙa masa bokiti.