Barewar Hashimu

Dogo yana ɗura albarushi a bindigarsa, rediyon matarsa Talatu kuma tana ta magana da muryar ƙanensa daga kan katangar madafa. Karo na uku ke nan da aka maimaita hirar tun jiya.

"Ni dai ban kira ta ba," in ji muryar Hashimu. "Na je duba wakena ne, sai na gan ta tsaye tana kallona."

"Kashe abin nan," Dogo ya ce.

Talatu ta rage murya, ba ta kashe ba. "Maigida, ina za ka da bindiga, ko koko ba ka sha ba?"

"Zomaye sun dame ni a gona."

Ta dubi yawan albarushin da ya ɗura, ta dube shi, ta ci gaba da tankaɗe garinta.

Shekara talatin da wani abu Dogo yana farauta. Shi mahaifinsu ya riƙa ɗauka zuwa dawa, shi ya koya wa karanta sawu da bin iska. Hashimu kuwa tun yana yaro ko kaza za a yanka sai ya kau da kai, ya girma ya zama tela a bakin kasuwar ƙauyensu, nan kusa da Gidan Sori. Barewa ta ƙarshe da aka kashe a yankin, Dogo ne ya kashe ta, shekara goma sha huɗu da suka wuce. Daga nan gonaki suka cinye daji, ba a samun komai sai zomo da fakara. Duk da haka, in hirar dawa ta tashi a gindin itacen bedi, wajensa ake juyowa.

Sai ga barewa ta ɓullo a gonar Hashimu, sati uku ke nan. Kullum da safe takan ci ganyen wake ta tafi. Mutane suka riƙa zuwa a babura, har daga Sae Sabuwa, suna ɗaukar hoto da waya. Ma'aikatan gandun daji suka zo da mota daga Maraɗi, suka yi musabaha da Hashimu, suka ce duk wanda ya taɓa ta zai gamu da hukuma. Ɗayansu ya tambaye shi ko mace ce ko namiji. Hashimu ya yi dariya ya ce bai sani ba. Dogo yana tsaye bai fi taku uku ba, amsar tana bakinsa, babu wanda ya waiwayo. Ranar Juma'a kuma, a ƙofar masallaci, wani baƙo ya miƙo masa hannu ya ce, "Kai ne wan mai barewa?" Tun daga ranar tuwo bai ƙara yi masa daɗi ba.

Ya riga ya tsara komai: harbi ɗaya, ya ja ta cikin gero ya binne, a ce karnuka ne suka kore ta.

Da ya isa gonar Hashimu raɓa ba ta bushe ba. Babu kowa, babu barewa. Ya tsuguna ya duba ƙasa. Sawun da ya samu na shekaranjiya ne, gefensa ya fara zubewa, takun kuma gajere ne, ya nutse ta baya kamar na dabbar da ke ɗauke da nauyi. Ya bi shi a hankali. Sawun ya ratsa wake, ya tsallake layin gamba da ya raba gonakin nan biyu tun rabon gado, ya shiga gonar Dogo, ya nufi kusurwar da ya daina nomawa tun da gwiwarsa ta fara ciwo, inda sabara da kalgo suka yi duhu.

Ya zagaya don kada iska ta kai mata warinsa, ya ja ciki kamar yadda bai yi ba shekara da shekaru. Ga ta kwance a inuwar kalgo, kunnuwanta suna motsi. Ya ɗaga bindiga ya daidaita bayan kafaɗarta. Sai ta miƙe, kuma daga ƙarƙashinta wani ɗan abu ya taso a kan ƙafafu kamar tsinke, ya yi tangaɗi, ya faɗi, ya sake tasowa yana neman nono.

Dogo ya daɗe yatsansa na kan kunamar bindiga. Abin da ya fara zuwa masa a rai ba tausayi ba ne. Cewa ya yi a zuci: a gonar Hashimu take ci, amma da haihuwa ta zo mata, gonata ta nufo. Ya sauke bindiga.

"Yaya! Yaya, kana ciki?"

Muryar Hashimu ce daga wajen gamba. Dogo ya ja da baya, ya karya reshen sabara yana share sawun da ya biyo har ya fito.

Hashimu yana tsaye, zaren ɗinki maƙale a rigarsa, idanunsa duk sun faɗa. Suka gaisa.

"Yaya Talatu ta ce kana nan. Kwana biyu ke nan barewar ba ta zo ba. Gobe kuma malaman lakol za su kawo yaran makaranta, ga mutanen Maraɗi da na'urar ɗaukar hoto." Ya sunkuyar da kai. "Tun farko kai ya kamata in kira, nauyinka na ji. Ni mi na sani game da barewa? Ka nemo mini ita, gobe kai za ka tsaya ka yi musu bayani."

Dogo ya ga kansa tsaye gaban mutane, ana miƙo masa abin magana. Ya kuma ga yara arba'in da babura sun tattake kusurwar nan, uwar ta tsere, a rediyo kuma ana cewa barewar Hashimu ta haihu.

"Na duba," ya ce. "Ta yi arewa. Irinsu ba su zama wuri guda."

Idon Hashimu ya sauka kan bindigar, ya tsaya nan.

"Yaya, ba dai..."

Dogo ya miƙa masa bakin bindigar. "Shinshina."

Hashimu ya shinshina. Babu ƙaurin harbi. Kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa fuskarsa. "Ka gafarce ni, Yaya. Shaiɗan ne."

"Ba komai."

Hashimu ya juya yana tafiya kamar wanda ya dawo daga jana'iza. Dogo ya jingine bindiga, ya zaro gatarinsa ya fara saran ƙaya yana janyowa, yana toshe hanyar da ke shiga kusurwar. Can Hashimu ya waiwayo.

"In taya ka, Yaya?"

"A'a," Dogo ya ce, bai ɗago ba. "Je ka. Kana da baƙi gobe."